WARIN KAMBAS MAI SHUNI

Shafi na 19

Masu bina har cikin akwatin saƙo da "Anti kin bar mu a rataye", na ji ku. Wutar unguwarmu ce ta tafi ba sallama. Wanda ke cin abinci ya ajiye cokali tukuna, don shafin yau babu dariya a cikinsa.

*

Tun kafin Na'Allah ya gama kwance bakin ledar, Safinatu ta gane abin da ke ciki.

Ta yaya za ta kasa ganewa? Aikin hannunta ne. Warin kambas ne na ƙafar dama, irin saƙaƙƙen nan mara nauyi da masu gudu ke sawa. Ya sha taɓo har wuya, amma shuɗin da ta zuba masa daga dunduniya zuwa hanci yana nan yana leƙowa ta ƙarƙashin laka.

Sana'arta ke nan a zauren gidan gwaggonta a Boɗinga. Ta sayo fararen kambas a Sakkwato, ta leƙa waya ta ga launin da kamfanonin waje ke shirin fitarwa, ta zauna da buroshi da soso ta riga su. Kafin na gasken ya shigo ƙasar nan, samarin Boɗinga sun yi yayin nata sun gaji. Wannan shuɗin kuwa sai wata mai kamawa aka ce za a sake shi a can. Guda ɗaya tak ta yi na gwaji, ta ba yayanta Surajo, wanda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye a bayan Shagari.

Na'Allah ya ajiye ledar a kan benci, tsakanin gwangwanayen fenti. Shi ne shugaban ƴan sa-kai na yankinsu, aminin mahaifinsu marigayi. A farkon makon nan ɓarayin daji suka ɗauke wansa, Alhaji Bilyaminu dillalin albasa, daga gona. Tun ranar ba wanda ya ga haƙorin Na'Allah.

"Ɗiyar Malam Idi. Duba min wanga."

"Na gani, Baba."

"Aikinki na?"

Ta kau da ido daga ledar.

"Baba, masu fenti sun yi yawa yanzu, ko Sakkwato akwai..."

"Ban tambaye ki masu fenti ba. Aikinki na ko ba aikinki ba na?"

"Shina kama da nawa."

"Wa kiy yi ma shi?"

"Wallahi irinai na yi da yawa. Samari suka zuwa su ɗauka, wasu ko sunansu ban sani ba."

Na'Allah bai ce ƙarya take ba. Kallonta kawai ya yi, irin kallon da babba ke yi wa yaron da ya ɓoye hannu a baya.

"Kin san inda anka tsince shi?"

Ta girgiza kai.

"Bakin rahi, inda baburan mutanen nan sunka ƙetare jiya cikin ruwa. Ɓarayin daji ba su sa irin wanga, na roba suka sawa. Wanga takalmin ɗan gari na. Wanda ka ci da mu, shi yi salla da mu, shi koma shi kai musu labari."

Safinatu ta dafa benci. Ta san abin da ake yi wa wanda aka kira mai kai wa ɓarayi labari. Bara an kama wani saurayi a kan zargi irin wannan, ba a kai shi gaban kowa ba, ba a ma bari ya gama rantsuwa ba. Daga baya aka gano ba shi ba ne.

Na'Allah ya ƙulle ledarsa.

"Ki zauna ki yi tunani. In kin tuna, kina da lambata."

Yana fita ta rarumi waya. Bidiyon da ta ɗora na tallar shuɗin yana nan, ƙafafun Surajo kawai suka fito yana taku a tsakar gida, ta rubuta a ƙasa: ku riga duniya sawa. Lokacin da ta rubuta har daɗi take ji. Ta goge shi, ta kira Surajo, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

Ta bar buroshi a cikin fenti, ta zura hijabi, ko gwaggo ba ta yi wa sallama ba ta nufi tasha.

*

Daga Boɗinga zuwa Shagari, inda gidansu yake, ba wata tafiya ba ce, amma ranar sai ta ga direban bas ɗin kamar da gangan yake tsayawa. A ɗauki wannan, a sauke buhun wancan. Wata mata a kusa da ita tana ta labarin Alhaji Bilyaminu, wai an samu takalmin munafukin, yau ko gobe za a fito da shi. Safinatu ta ja hijabi ta rufe yatsunta da suka sha fenti.

Ta tarar da mahaifiyarsu, Inna Balaraba, a gindin turmi tana bakace.

"Ke! Lahiya da tsakar rana ba ko waya?"

"Lahiya lau, Inna. Ina Yaya?"

"Shina ɗaki. Tun da yad dawo da sahe bai hito ba, wai zazzaɓi. Ko hura bai sha ba."

Ta ɗaga labulen ɗakin. Surajo na zaune a gefen katifa ya haɗa kai da gwiwa. Zafin ɗakin ya isa ya dafa ƙwai, amma shi safa ce a ƙafafunsa, baƙa, mai kauri.

Ta saki labulen a bayanta.

"Yaya, ina kambas ɗin da nib ba ka?"

Bai ɗago ba.

"Na bar shi wurin aiki."

"Duka biyu?"

Ya ƙara cusa kai cikin gwiwa.

"Yaya, duka biyu?"

"Mi kika so, Safinatu? Kaina ka ciwo."

"Baba Na'Allah ya zo min da wari guda cikin leda."

Nan ya ɗago. Idanunsa sun yi jajur, leɓensa ya tsattsage, kamar ba wanda ta rabu da shi yana tsokanarta da "mai zanen ƴan gayu" ba.

"Mi kic ce mai?"

"Na yi rantsuwa bisa ƙarya, shi na abin da niy yi. Cire safar nan."

"Safinatu..."

"Cire, don girman Allah."

Ya janye ta hagu, ya janye ta dama.

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Bayan ƙafafunsa duka shuɗi ne. Ba shafe ba, ɗigo-ɗigo ne a jere, layi bayan layi, saƙar takalmin ce ta fito raɗau a kan fata tun daga yatsu har idon sawu. Ko makaho ya shafa ledar Na'Allah ya shafa wannan ƙafa zai ce tare suka kwana.

Kuma ta san dalili. Saƙaƙƙen kambas ba kamar na fata ba ne, ramuka ne da shi, yana shan ruwa kamar soso. Sai an cusa tsumma a ciki, a haɗa fenti da ruwan da ke sa shi laushi ya kama zare, a riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, a busar da na'urar busar gashi. Ranar da ta yi na Surajo shuɗin fentinta ya ƙare a rabi, ga ta da ɗokin ta riga kowa. Sai ta niƙa shunin marina ta ƙara a ciki. Launi ya fito ya fi na hoton kyau, amma shuni ba ya zama inda aka ajiye shi in ya ga ruwa.

"Na ce maka kar ka shiga ruwa da shi," ta faɗa, ita kanta ta san maganar banza ce.

"Ba ni niz zaɓi hanya ba."

"Tau wa yaz zaɓa? Yaya, kalle ni. Kai na ka kai musu labari?"

Ya dube ta kamar ta mare shi.

"Ke ma?"

"Gaya min! Raina zai hita!"

Ya leƙa bakin labule, ya rage murya har sai da ta durƙusa kusa da shi.

"Jiya bayan la'asar, hadari ya taso, kowa ya watse, ni kaɗai ina ruhe ɗakin magani. Mutum biyu sunka shigo da rawani. Guda yas sa min bindiga nan, ga haƙarƙari. Sunka ce in ɗauki jakar aiki."

"Innalillahi."

"Sunka ɗaure min ido, sunka sa ni tsakiya bisa babur. Bakin rahi babur yak kahe, sunka ce in sauka in tura. Nan taɓo yac cire min wari guda. Na duƙa in laluba, guda yad doke ni da gindin bindiga."

"Ina sunka kai ka?"

"Wurin Alhaji Bilyaminu."

Ta zaro ido.

"Shina da rai?"

"Shina da rai. Sun harbe shi ga cinya ranar da sunka ɗauke shi, ciwon ya ruɓe, ga ciwon suga. Da ban je ba da bai kai yau ba. Na wanke, na ɗinke, na yi mai allura."

Wani sanyi ya ratsa ta, har ta kusa yin dariya.

"Alhamdu lillahi! Tau ai shi ke nan! Tashi mu tahi wurin Baba Na'Allah, ka gaya mai kai kac ceci wansa..."

Ya damƙe hannunta da ƙarfi har sai da ta ji zafi.

"Ba ki gane ba. Sun ce jibi za su dawo su ɗauke ni in canza mai ɗauri. Sun ce in magana ta hita, in sunka ga ko ɗan sa-kai guda ya nuho dajin nan, Alhaji za su fara yankawa. Kuma babbansu ya hwaɗa min launin ƙyauren gidanmu. Ya ce tsohuwa mai bakace gindin turmi, ko ba ita ta innarka ba?"

Safinatu ta zauna daɓas a ƙasa.

"Kin san Baba Na'Allah," in ji shi. "In yaj ji na san hanya, ko sallar magariba ba ya jira, zai kwashi yara su shiga daji. Su kashe Alhaji, su zo ma Inna."

"In kuma ba ka hwaɗa ba, kai za a kashe."

Ta sake duban ƙafarsa.

"Ina ɗayan warin?"

"Na jehwa masai."

"Saura ƙahwa."

Ta miƙe kamar an tsikare ta. Ta fita ta ɗebo ruwa a roba, ta haɗo sabulu da soson buhu da toka, ta yanko lemun tsami. Ta durƙusa ta kama ƙafar yayanta tana dirza. Kumfa ta yi shuɗi-shuɗi, ranta ya ɗan yi fari, ta ɗauraye. Ɗigon nan na nan. Ta zuba kalanzir, ta dirza har fata ta yi ja ta fara sulluɓewa, Surajo na cije leɓe. Shunin ya haɗu da fenti ya shige cikin fata ya zauna.

"Na gwada duk wanga tun da sahe," ya ce a hankali.

Hawaye suka ɓalle mata.

"Ni nij ja maka. Da na jira an kawo min fenti..."

"Bari wagga magana."

Labule ya motsa. Su duka suka daskare.

Inna ce tsaye, faifai a hannu. Ba su san tun yaushe take wurin ba. Ta dubi ƙafar, ta dubi ɗanta, ta dubi ɗiyarta. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba, faifan ne kawai ya karkace a hannunta har gero na zuba.

"Lalle," ta ce. "Akwai kwaɓaɓɓe da niy yi ma kaina. In ya kama, ja shi hau bisa shuɗi, shi koma baƙi. Maza na sa shi don zahin ƙahwa, ba abin kunya ba na."

"Inna, sai ya ɗau lokaci kahin shi kama."

"Tau ki daina tsayuwa."

Suka fito da shi inuwar rumfa don ɗakin ba haske. Safinatu ta riƙa kwasar lallen da yatsu tana lafta masa, mai kauri, daga yatsu har idon sawu, tana bi tana toshe duk inda shuɗi ya leƙo. Inna na gefe tana jan carbi, idonta a kan ƙofar zaure.

Ta gama ta dama. Tana tsakiyar ta hagu suka ji babura.

Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Suka tsaya a ƙofar gida, aka kashe su ɗaya bayan ɗaya.

"Salamu alaikum. Balaraba, in shigo?"

Muryar Na'Allah ce.

Inna ta juya wajen zaure.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Malam Na'Allah, gidanka na."

Shi kaɗai ya shigo, ledar nan a hannun hagu. Sauran suka tsaya a zaure, ana jin ƙarar ƙarfen bindiga na gogar bango. Ya gaida Inna a mutunce, ya tambayi jiki, ya tambayi damina, kamar ziyara ya kawo. Sannan ya juyo.

"A'a. Ɗiyar Malam Idi. Ashe kina nan."

"Na zo duba Yaya, ba shi da lahiya."

"Na bar ki Boɗinga nic ce ki zauna ki yi tunani. Ko minti goma ba ki yi ba kin hito, ko ƙyauren zaure ba ki ja ba. Nic ce ma yara, ku bar ta, kar wanda yat tsai da ta. Mu dai mu bi bas."

Safinatu ta gane ita ta kawo su. Da ƙafarta ta jawo su har gindin rumfar Inna.

Na'Allah ya jawo turmi ya kifa ya zauna a gaban Surajo.

"Likita. Ango za a yi ba a gaya muna ba?"

"Zahin ƙahwa na, Baba. Tsayuwa wurin aiki."

"Allah sarki. Ni kuwa na san tahin ƙahwa aka sa ma lalle in shina zahi. Yau na ga an sa bisa."

Kazar Inna na ta tsattsagar geron da ya zube.

"Ina kaw wuni jiya bayan la'asar, Surajo?"

"Wurin aiki."

"Sai da munka biya wurin aikinku kahin mu shigo nan. Mai gadinku ya ce ya dawo ya iske ɗakin magani buɗe, ba kai ba jakarka."

"Na je duba mara lahiya."

"Wane gari? Wane gida? In aika yanzu a tambayo."

Surajo ya sunkuyar da kai.

Na'Allah ya ajiye ledar a ƙasa. A hankali ya buɗe tafin hannunsa na dama ya miƙo shi tsakiyarsu.

Shuɗi ne. Ɗigo-ɗigo, layi bayan layi.

"Da hannun ga nic ciro warin nan cikin taɓo da sahe. Na wanke da sabulu, na wanke da man babur, ya ƙi hita. Sai nic ce ma kaina, hannun da yar riƙa shi ɗan lokaci ke nan. Tau ina ga ƙahwar da tas sa shi cikin ruwa?"

Inna ta saki carbi.

"Malam Na'Allah, don darajar zaman da kunka yi da ubansu..."

"Don ita na shigo ni kaɗai, Balaraba. Da wani gida na, da yara sunka shigo." Muryarsa ta karye kaɗan, ya gyara ta. "Uwa guda ta haihe mu da Bilyaminu. Ban sani ba ko shina da rai ko kuraye na cin gawatai. In ƙahwar yaron ga ta hita hwara, wallahi gaban kowa zan duƙa in roƙe shi gahwara."

Ya sa ƙafa ya turo butar alwala har ta taɓa gwiwar Safinatu.

"Ke kis shahwa. Ke za ki wanke."

Ta ɗauki butar da hannu biyu. Kalma ɗaya ce a bakinta, Alhaji na da rai, kalma ɗaya ta faɗa a bar mata yayanta. Ta dubi Inna, ta tuna an san launin ƙyaurensu.

Na'Allah ya duƙo kusa da ita, ya sassauta murya.

"Ɗiyata. Ko akwai abin da kika son gaya min kahin ruwan ga shi zuba?"

Ta buɗe baki.

"Baba, Alha..."

"Safinatu."

Surajo ne. Ya ɗago kai, yana kallonta ido cikin ido, ya miƙo ƙafar dama gabanta da kansa.

"Zuba ruwan."